Kifin ramin Mariana: wai da gaske babu kifin da zai iya wuce mita 8,400?

Sadiq_Ruwa:
Salamu alaikum jama'a. Akwai wani ɗan kifi da masana ke kira Pseudoliparis swirei, a ramin Mariana yake zaune can cikin tekun Fasifik, zurfin mita 7,000 zuwa 8,000. Na ga bidiyonsa, wallahi in ka gan shi sai ka rantse talibambam ne ya yi girma, kai ƙato, wutsiya siririya, jikin fari-fari da ɗan ruwan hoda, fatar ma har kana hango hantarsa daga waje. Abu biyu ne suka ɗaure min kai. Na ɗaya, ta yaya abu mai laushi haka yake rayuwa a inda jirgin ƙarfe ke murƙushewa. Na biyu, kuma shi na fi so mu tattauna, wai masana sun ce babu kifin da zai iya wuce mita 8,200 zuwa 8,400, alhali ramin ya kai kusan mita 11,000. Ni gaskiya maganar nan ba ta shige ni ba. Ina ganin akwai kifi a can ƙasan, ido ne kawai bai kai ba. Me kuka gani?

maman_ilham:
Wa alaikumus salam. Subhanallah kilomita takwas a kasan ruwa?? ni da ko kududdufi tsoronsa nakeji, ikon Allah kenan

Dan_Auta01:
to ni tambayata daya ce, ana cinsa kuwa 😂

Injiniya_Nas:
Bari in ɗauki ta farkon tunda ita ce ta shafi ɓangarena. Duk mita 10 da ka nutsa, nauyin ruwan da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke danne mu a doron ƙasa. To a mita 8,000 ka ga ya zama ninki 800 kenan, wato kusan kilo 800 a kan kowane fili mai faɗin farcen yatsa. Amma abin da mutane ke mantawa shi ne, matsin ruwa ba ya murƙushe abu don yana da laushi, yana murƙushe abu ne in akwai iska a cikinsa. Jirgin ƙarƙashin ruwa cikinsa iska ce, waje kuma ruwa na dannawa, bangon ne kaɗai ke riƙe da bambancin, ranar da bangon ya gaza shi ke nan. Ku tuna jirgin ƙarƙashin ruwan nan Titan da ya murƙushe a watan Yunin 2023, mutum biyar a ciki, kuma inda suka nufa wajen tarkacen Titanic kusan mita 3,800 ne kawai, wato kusan rabin zurfin inda kifin nan yake kiwo. Shi kuwa kifin ba shi da jakar iskar nan da yawancin kifaye ke da ita, jikinsa ruwa ne da tsoka da wani abu mai santsi, matsin da ke waje shi ne a ciki, to me zai murƙushe?

Hafsy_k:
Injiniya wannan gaskiya ne, ni lokacin da nake koyon ninkaya in na nutsa kasan wurin wanka wanda ko mita uku bai cika ba sai inji kunnena kamar zai fashe, amma hannuna da kafata ko a jikinsu, ashe iskar dake cikin kunnen ce matsalar

Injiniya_Nas:
Yauwa ƙanwata, kin gane kenan. Masu binciken teku ma suna da wani wasa da suke yi, su ɗauki kofin soso irin farin nan mara nauyi su yi zane a jikinsa su ɗaure a jikin na'urar da za ta sauka, in ta dawo sai ka ga kofin ya tsuke ya koma ɗan mitsitsi, zanen yana nan daram sai dai ya ƙanƙance, saboda duk iskar da ke cikin soson an matse ta.

Malam_Bio:
Injiniya ya yi bayani mai kyau amma rabin labarin ne. Ko babu iska a jikinka matsi yana da inda yake kama ka, a cikin ƙwayoyin halitta. Furotin ɗin da ke gudanar da aikin jiki kowanne yana da siffar da ya naɗe a kai, in siffar ta lalace aikin ya tsaya, kuma matsi mai tsanani yana tura ruwa cikin naɗin ya ɓata shi. Abin da kifayen zurfi ke yi shi ne suna tara wani sinadari a tsokarsu da ake kira TMAO, shi ke riƙe furotin ɗin kar ya wargaje. An auna kifaye daga zurfi daban-daban an ga yadda zurfi ke ƙaruwa haka yawan sinadarin ke hawa, kusan a miƙe. Daga nan maganar iyaka ta fito, Sadiq. Jinin kifin teku mai ƙashi, narkakkun sinadaran da ke cikinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da ke cikin ruwan teku. Yana ƙara TMAO ruwan jikin yana ƙara kauri da sinadarai, yana ƙara yana ƙara, to lissafin da wani masani Paul Yancey da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya nuna wajen mita 8,200 jikin kifin zai yi kunnen doki da ruwan teku. In ya wuce nan ya fi ruwan kauri, sai ruwa ya fara kwararowa cikin jikinsa ta fata da baki, shi kuma duk tsarin jikinsa an gina shi ne a kan akasin haka, wato ya sha ruwan teku ya fitar da gishiri. Saboda haka ba wai wani ne ya leƙa bai gani ba ya yanke hukunci, lissafi ne aka yi, sannan kyamarori suka zo suka same shi kusan daidai.

Dan_Auta01:
Malam ni dai har yanzu baa amsa tawa ba

Malam_Bio:
Auta kai dai cikinka ka sani. Wanda aka fito da shi ma da kyar ake kai shi ɗakin gwaji da siffarsa, yana barin sanyin can ya shigo ruwan sama mai ɗumi sai jikin ya fara narkewa, dole a yi maza a sa shi a ƙanƙara ko a magani. Sannan TMAO ɗin nan in ya lalace shi ke komawa sinadarin da ke ba kifi ƙarni. Sai ka yi lissafi da kanka.

maman_ilham:
😂😂 Auta an gama dakai

Kawu_Sale:
Ku dakata yara. Ni tun muna makaranta muka karanta labarin mutum biyun da suka fara sauka can ƙasan ramin, Jacques Piccard ɗan Suwizalan da Don Walsh sojan ruwan Amurka, a jirgin Trieste, ranar 23 ga Janairun 1960. Kusan awa biyar suna sauka, har wata taga ta tsage musu a hanya, suka daure suka ƙarasa. Kuma Piccard ya ce da suka isa ya ga kifi mai faɗi shimfiɗe a ƙasa. Mutumin da ya je da kansa ya gani da idonsa, ku kuma kuna nan kuna cewa lissafi. Ni ina bayan Sadiq.

Sadiq_Ruwa:
Allah ya ƙara girma Kawu, na samu mai tsaya min 💪

Hauwa_Teku:
Kawu da girmanka, amma maganar kifin Piccard masana sun daɗe da ajiye ta gefe. Minti 20 kacal suka yi a ƙasan, kuma jirgin na sauka ya tayar da laka ta turnuƙe wurin, ko hoto ɗaya ba su samu ɗauka ba, ta wata 'yar taga yake leƙe. Sannan irin kifi mai faɗin da ya ce ya gani, danginsa duk ba a taɓa samunsu ko kusa da wannan zurfin ba, tazarar ta kai dubban mitoci. Abin da aka fi zato shi ne wata halitta ce mai laushi mara ƙashi da ke jan ciki a ƙasan teku, irinsu suna da yawa a can. Kuma ai ba su kaɗai suka je ba. James Cameron mai shirya fina-finai ya sauka shi kaɗai a Maris 2012 da fitilu da kyamarori masu kyau ya yi awanni bai ga kifi ba, wani Ba'amurke Victor Vescovo ya sauka a 2019 ya kuma koma sau da dama, 'yan Chana sun sauka da jirginsu Fendouzhe a Nuwamban 2020 har mita 10,909. Duk cikinsu babu wanda ya dawo da hoton kifi daga can.

Kawu_Sale:
To 'yata, in jirgi ya sauko da ƙara da fitila kamar rana, kifin zai tsaya yana jiranku ne? Ai gudu zai yi.

Hauwa_Teku:
Shi ya sa ba da jirgi ake nemansu ba Kawu. Wata na'ura ce ake jefawa daga jirgin ruwa, ƙarfe ne mai ƙafafu an ɗaura masa kyamara da tarko da koto, yawanci mushen kifi, ba injin ba igiya, nauyi ne kawai ke jan ta har ƙasa, tana ɗaukar awanni kafin ta isa. Sai ta zauna shiru wuni ko kwana. In an gama a aika mata sauti daga sama ta saki nauyin ta taso da kanta. In aka ajiye ta a mita 7,000 zuwa 7,500 sai ka ga kifayen nan sun taru gungu guda, in aka matsa kusa da 8,000 sai su ragu, ɗaya ko biyu, in aka wuce sai kifi ya ɗauke ɗif amma sauran ƙananan halittu suna nan cunkus a kan koton. An maimaita wannan a ramuka daban-daban, kuma ko'ina labarin ɗaya ne. Da a ce tsoron na'urar suke da ba su zo a 7,000 ɗin ba ma.

bash_mai_tambaya:
dan Allah ku dan koma baya kadan, wai shi ramin nan a ina yake takamaimai kuma meya hakashi, naga kowa na magana kamar ya taba zuwa

Injiniya_Nas:
Yammacin Fasifik, gabas da Filifin, kudu da Japan, kusa da tsibirin Guam. Siffar jinjirin wata gare shi, tsawonsa ya kai kilomita 2,500, faɗin kuma kusan 70. Ba haƙa shi aka yi ba, faifan ƙasa biyu ne, wato manyan sassan ɓawon duniya, suka haɗu, na Fasifik yana cusa kai ƙarƙashin ɗaya a hankali, wurin da yake lanƙwashewa ya nutsa shi ne ramin. Wuri mafi zurfi ana ce masa Challenger Deep, ya haura mita 10,900, ka ga ko tsaunin Everest mai mita 8,849 ka jefa a ciki sai ya nutse da sauran kusan kilomita biyu na ruwa a kansa.

Hauwa_Teku:
Kuma sunan daga jirgin Ingila ne HMS Challenger, wanda ya zagaya tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876, su suka fara auna zurfin wurin a 1875 da igiya da nauyi a ƙarshenta. Shi kansa kifin, an sa masa suna ne don tunawa da Herbert Swire, ɗaya daga cikin jami'an da ke kula da hanya a wannan jirgin. A 2014 aka fara kamo shi, aka tabbatar da shi sabon nau'i a 2017, Mackenzie Gerringer ce ta jagoranci bayanin. Guda 37 suka yi nazari a kai, an kamo su tsakanin mita 6,898 da 7,966.

Yar_Baba:
Ni abinda ke damuna shine me yake ci a can? ba rana ba ciyawa ba komai, duhu kawai da sanyi, wannan ai rayuwar wahala ce, tausayi ma ya bani wlh

Malam_Bio:
Ajiye tausayinki Anti, wannan kifin ya fi da yawa daga cikin na sama jin daɗi. Duhu kam akwai, hasken rana daga mita 200 ya fara gazawa, a 1,000 ya ƙare ƙaf, sanyi kuma bai wuce digiri 1 zuwa 2 da ɗoriya ba. Amma abinci yana zuwa. Duk abin da ya mutu a sama, ƙananan tsirran ruwa da kashin halittu da ɓurɓushin mushe, yana saukowa a hankali, ramin kuma da yake gangare ne ta ɓangarori biyu sai ya riƙa tattara shi zuwa tsakiya, in aka yi girgizar ƙasa ma laka ta zaftaro da ƙari. Wannan ke ciyar da wasu ƙananan halittu masu ɓawo dangin jatan lande da ake kira amfifod, suna nan ba iyaka. Su kifin ke ci. Yana buɗe baki ya zuƙe su da ruwan gaba ɗaya, a maƙogwaronsa kuma akwai wasu haƙoran na biyu da ke murƙushe su kafin su wuce, don amfifod in ka haɗiye shi da rai zai iya cin ka ta ciki. Waɗanda aka buɗe cikinsu an same shi cike taf. Sannan babu mai farautarsa a can, kifin shak ma bai kai mita 4,000 ba. Shi ne sarki a wurin, duk da cewa mafi girmansu bai cika santimita 30 ba.

Yar_Baba:
Ah to na janye tausayina, ashe dan gata ne 😅

Gwani_Shakka:
Na karanta duk abin da aka rubuta kuma ni ba na ɓangaren Kawu a maganar Piccard, wannan ta faɗi. Amma Malam_Bio ina da ja a kan lissafinka. Ka ce in jikin kifi ya fi ruwan da ke kewaye da shi kauri ruwa zai kwararo masa. To ai duk kifin ruwan daɗi haka yake rayuwa kullum, jikinsa ya fi ruwan kogi kauri nesa ba kusa ba, yana ta fitar da fitsari ne kawai ya zauna lafiya. Shak ma jininsa ya ɗan fi ruwan teku kauri kuma bai mutu ba. Akwai ma kifin salmon da ke tashi daga kogi ya shiga teku ya dawo. Saboda haka abin da lissafin ya nuna shi ne wannan tsarin jikin ya ƙare a 8,200, bai nuna cewa babu wani tsarin da zai iya wucewa ba. Bambancin yana da girma.

Sadiq_Ruwa:
Gwani ka faɗi abin da ke raina wanda na kasa tsarawa.

Malam_Bio:
Ja mai kyau ne Gwani, ba zan ce ba haka ba. Sai dai duba abin da kake nema daga kifin. Wanda ke zaune a gangaren rami yana hawa yana sauka, a mita 8,000 yana buƙatar ƙodar da ke riƙe ruwa, a 8,600 yana buƙatar wadda ke zubar da shi, wato ya juya tsarin jikinsa baki ɗaya saboda tafiyar 'yan ɗaruruwan mitoci. Salmon da ka kawo yana ɗaukar lokaci yana sauya jikinsa kafin ya tsallaka, ba a tashi ɗaya ba. Kuma me zai kai shi, tunda inda yake abinci ya ishe shi ba mai takura masa? Su amfifod da sauran marasa ƙashi dama can jikinsu daidai yake da ruwan teku, musanya wani sinadari kawai suke da wani, shi ya sa ake samunsu har can ƙasan Challenger Deep.

Gwani_Shakka:
"Me zai kai shi" ba hujja ba ce Malam, ai ka ce da bakinka abinci ya fi taruwa a tsakiyar ramin, kilomita biyu da rabi na amfifod ba mai ci, in akwai dalilin sauka ai wannan ne.

Hauwa_Teku:
Gwani wannan ɗin kuma ni gani nake maganar Malam yake ƙarfafawa ba taka ba. Abinci jibge a ƙasa ba mai gadi, kuma a duk ramukan da aka bincika kifi bai sauka ba. Da zai yiwu da wani ya riga ya yi. A ramin Kermadec kusa da Niyu Zilan akwai nasu nau'in, a ramin Atakama gefen Peru da Chile akwai nasu, na Japan akwai nasu, kowane rami kamar tsibiri ne, tsakaninsu ƙasan tekun bai kai zurfin da suke zama ba. Dangi ɗaya ne, suna da nau'i sama da 400, wasunsu ma a bakin gaɓa suke cikin ruwa mara zurfi, sun shiga ramuka daban-daban amma duk inda suka shiga ba wanda ya tsallake wannan iyakar.

abba_zee:
ni naji ance an taba kama wani a mita 8,370 tun 1970 fa, to ina maganar 8,200

Hauwa_Teku:
Eh, a ramin Puerto Rico, Abyssobrotula galatheae, wani dangin ne daban. Matsalar ita ce da raga aka kamo shi, kuma ragar a buɗe take tun daga sauka har tasowa, to zai iya yiwuwa a hanya ya faɗa ciki. Shi ya sa da yawa ba sa kafa hujja da shi. Wanda ba gardama a kai shi ne na kyamara. A 2017 'yan Japan sun ɗauki ɗaya a Mariana a mita 8,178. Sai 2022 tawagar Alan Jamieson na jami'ar Yammacin Ostireliya tare da wata jami'ar Tokyo suka ɗauki wani a ramin Izu-Ogasawara kudu da Japan a mita 8,336, aka sanar a Afrilun 2023. A wannan tafiyar kuma suka kamo guda biyu a tarko a ramin Japan a mita 8,022.

Sadiq_Ruwa:
To kun gani! Da an ce 8,200, yanzu ga 8,336. Gobe a ce 8,500, jibi 9,000. Haka ake ta matsar da gola.

Injiniya_Nas:
Haba Sadiq, daga 8,178 zuwa 8,336 mita 158 ne fa, a shekara biyar ana ta jefa kyamara. Kai kuma kana neman ƙarin mita 2,500. Kuma an bayyana dalili, ruwan Izu-Ogasawara ya ɗan fi na Mariana ɗumi kaɗan, ɗumin yana ɗan sassauta wa furotin, Jamieson ya faɗi tun kafin su je cewa in za a samu mafi zurfi a can yankin za a samu. Wanda ya faɗi inda za a samu abu aka je aka same shi, ba za ka ce yana matsar da gola ba.

Hafsy_k:
wai shine wannan mummunan kifin mai katon hanci da ake yawo da hotonsa a Facebook?

Malam_Bio:
A'a, wancan daban ne, yana zama ne wajen mita 600 zuwa 1,200 a tekun Ostireliya da Niyu Zilan, kuma an zalunce shi da hoton nan, a cikin ruwa kifi ne kamar kowa, jan shi sama da aka yi a raga ne ya saɓule masa jiki. Namu na Mariana kyakkyawa ne in yana gidansa, ba ɓawo a jikinsa, idanu 'yan ƙanana, fiffiken gefe masu faɗi yana kaɗa su a hankali. Ƙashinsa yawanci guringuntsi ne, ƙoƙon kan ma bai rufe gaba ɗaya ba. Masu bincike na Chana sun karanta ƙwayoyin gadonsa a 2019, suka ga wanda ke sa ƙashi ya yi tauri ya daina aiki, wasu masu alaƙa da gani ma sun ɓace. Ƙwansa kuma manya ne in ka duba girman uwar, kusan santimita 1.

Ummu_Khairi:
Ni duk wannan gardamar ta mita nawa ba ita ta tsaya min a rai ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne wurin da ɗan Adam bai fi 'yan tsiraru suka taɓa takawa ba amma shararmu ta riga mu isa. An ɗauki hoton leda a cikin ramin nan a mita 10,898 tun 1998. A 2017 aka auna amfifod ɗin da kifin ke ci aka samu gubar masana'antu ta PCB a jikinsu mai yawan gaske, abin da aka hana yi tun shekarun 1970. Har akwai wani sabon nau'in amfifod da aka gano a Mariana, kafin a raɗa masa suna an samu zaren roba a cikinsa, a 2020 aka sa masa Eurythenes plasticus saboda haka. To in abincin kifin nan ke nan, shi kuma ina gubar za ta tafi in ba jikinsa ba?

Injiniya_Nas:
Gangaren da ke tara masa abinci shi ke tara masa shara, hanya ɗaya ce. Amurka ta ayyana wani ɓangare na ramin a matsayin wurin kariya a 2009, amma takarda ba ta tare abin da ke saukowa daga sama.

maman_ilham:
Allah ya kyauta. mu dai mutane duk inda muka sa hannu

bash_mai_tambaya:
to shi yana haske a duhu kamar wadanda ake nunawa masu fitila a goshi?

Hauwa_Teku:
Ba ya yi. Masu fitilar yawancinsu a tsakiyar ruwa suke, can sama da shi sosai. Kai akwai ma wani ɗan kifi a wannan tsakiyar, Cyclothone, bai wuce tsawon yatsa ba, yana da ɗige-ɗigen haske a cikinsa, ana ganin duk cikin halittu masu ƙashin baya a duniya babu wanda ya kai shi yawa, amma ka tambayi mutum ɗari da wuya ɗaya ya taɓa jin sunansa. Na Mariana shi da jijiyoyin da ke kansa da gefen bakinsa yake jin motsin abin da zai ci.

Kawu_Sale:
To kun ji. Abin da ya fi komai yawa a duniya ma ba a san shi ba, shi kansa kifin naku sai 2014 aka gan shi alhali yana can tun kafin kakanninmu. Amma an tashi an ce min an gama sanin abin da ke ƙasan rami mai tsawon kilomita 2,500 da 'yan kyamarori. Ni dai ban sauka daga kan bakana ba.

Malam_Bio:
Kawu babu wanda ya ce an gama sani. Sabbin nau'i za a ci gaba da samu, ni ma ina sa ran haka, musamman a ramukan da ba a cika zuwa ba. Abin da na tsaya a kai shi ne za a same su ne sama da layin nan, ba ƙasa da shi ba.

Gwani_Shakka:
Ni kuma matsayina tsakiya ne, na yarda babu kifin da ke zaune a 10,000, hujjar Hauwa ta koto ta fi ƙarfina. Amma 8,400 ɗin nan ba zan sa hannu a kai ba. Wanda aka ɗauka a 8,336 ɗin ƙarami ne bai gama girma ba, kuma a dangin nan ƙananan ne suka fi zama can ƙarshen zurfin, to wa ya ce babu wani ɗan da ke leƙawa 8,500 ya dawo, kyamara ce kawai ba ta dace da shi ba.

Injiniya_Nas:
Leƙawa daban zama daban Gwani, tambayar Sadiq a kan zama ce.

Sadiq_Ruwa:
A'a Injiniya kar ka sa min magana a baki, ni "wucewa" na ce, koma sama ka duba 😄 in ya wuce da mita ɗaya ma na ci.

Dan_Auta01:
ku dai ku cigaba, ni wanda ya samu bidiyon na Japan din ya turo mana nan, na duba YouTube sai wasu dogayen surutai nake samu kifin baya fitowa sai can karshe